Yadda Za Ka Rubuta Labarin Tsofaffin Gidanku Tun Suna Da Rai

Matasa da yawa a Sakkwato sukan tare ni da magana guda: suna son rubutu, amma ba su san abin da za su rubuta ba. Wani ya buɗe shafi a Facebook, ya yi kwana uku ya watsar. Wata ta sayi littafi mai bango mai kauri, har yau shafin farko kaɗai ta ɓata. Ni kuma tambaya ɗaya nake yi musu: akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku? In akwai, to abin rubutunka yana nan zaune bisa tabarma, a ɗakin nan da kake jefa wa "ina kwana" daga bakin ƙofa ka wuce.

Garin nan ba baƙon alƙalami ba ne. Tun da Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809 ake rubutu a cikinsa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajjinta suna zuwa daga ƙauyuka su hardace, su koma su karantar da mata 'yan'uwansu. Waziri Junaidu ya ƙarar da rayuwarsa kan tattara tarihi har ya bar duniya a 1997, ga ma'adanar tarihi nan da ke ɗauke da sunansa. Labarin sarakuna da malamai da yaƙe-yaƙe ya samu masu rubuta shi, alhamdu lillahi. Wanda ke zubewa kullum ba mai tarewa shi ne na majemi, da mai koɗa, da ɗan cin rani, da matar da ta riƙe gida da kaɗi. Duk ranar da aka kai ɗaya daga cikinsu maƙabarta, da nasa ake rufe shi.

Ga yadda na bi da kakata, wadda duk gida ke kira Inna, da abin da na koya a hanya.

Fara da mutum ɗaya, kuma ka nemi izini

Kada ka ce za ka haɗa tarihin zuri'a gaba ɗaya, nauyin zai kayar da kai tun ba ka ɗaga ba. Zaɓi mutum guda. Ba dole ne wanda ya fi kowa shekaru ba. Nemi wanda bakinsa ke buɗewa in an zauna da shi. In kai jika ne, ka taki sa'a, domin wasan da ke tsakanin kaka da jika ƙofa ce da 'ya'yan cikinta ba su da ita. Abin da Inna ba za ta taɓa faɗa wa mahaifina ba saboda kunya, ni takan faɗa mini tana kirana "mai gidana". Jika mace kuwa, da "kishiya" za a tarbe ta, daga nan hira ta ɓalle.

Ka faɗa mata gaskiyar abin da kake nufi, da wanda zai ji, da inda za a ajiye. Tsofaffi suna tsoron waya, kuma suna da hujja, sun ga yadda ake yaɗa muryar mutane ba da saninsu ba. Tambayar farko da Inna ta yi mini ita ce ko a gidan rediyo zan sa ta. Na ce a'a, na jikoki ne da tattaɓa-kunne, kuma ba abin da zai fita gida sai na karanta mata ta yarda. Kada ka taɓa ɗaukar murya a ɓoye, ko da kana ganin hirar ta fi daɗi haka. Cin amana ne, kuma ranar da ta gane, ka rufe bakin da ba zai sake buɗuwa ba. In tsohuwar ba muharramarka ba ce, nemi izinin mai gidan, ko ka tura ƙanwarka ta yi zaman.

Ka riƙa zuwa da ɗan abin hannu, goro ko sabulu ko turare, ka miƙa tun wurin gaisuwa don kada ya yi kama da ladan magana. Wasu ranaku kuma ka je hannu rabbana, ba waya ba littafi, ka gaishe ta kawai, ka ɗebo mata ruwan alwala. Tsoho yana gane wanda ya zo dominsa da wanda ya zo kwasar abin da ke bakinsa.

Lokaci da kayan aiki

Hantsi ko bayan la'asar, su suka fi. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ba tsohon da zai yi maka doguwar hira bayan azahar. Da hunturu kuma tari da sanyin ƙashi suna hana su sakewa da safe, sai rana ta ɗaga. Kada zama ya wuce minti 40 zuwa awa ɗaya. Gara zama goma gajeru da guda biyu masu gajiyarwa.

Wayarka ta isa. Cika ta da caji, ka rufe layin don kada kira ya yanke ɗaukar, ka ɗora ta bisa matashi ko naɗaɗɗen zane kusa da ita, nesa da fanka. In maƙwabta sun tada janareta, haƙura sai gobe. Kafin a fara, faɗi kwanan wata da wurin da kuke da sunan mai magana a cikin wayar. Riƙe ƙaramin littafi da biro don abin da waya ba ta kamawa: inda ta nuna da hannu, inda ta rufe fuska da mayafi, inda ta yi murmushi ba ta ce komai ba.

Tambayar farko

Nan ne mafi yawa ke faɗuwa. Sai mutum ya gyara zama ya ce, "Inna, ba ni tarihin rayuwarki." Na yi wannan kuskuren. Ta dube ni ta ce, "Mi kaka so in hwaɗa maka? Ni ban san komi ba. Tahi wurin malamai." A wurinta tarihi na Shehu ne da su Bello, ba na macen da ta tsufa tsakanin murhu da turmi ba.

Mako ya zagayo, ina taya ta kakkaɓe ƙarƙashin gado, sai na ci karo da wata tsohuwar kwalla. A ciki akwai mazari, ya yi baƙi don shan hannu, da ɗan guntun alli. Na ɗaga na ce, "Inna, wannan fa?" Ta miƙo hannu ta karɓa. Ta shafa allin a yatsu biyu kamar jiya ta ajiye, ta murza mazarin, ya juya bisa tafin hannunta. Ta jima tana kallonsa. Can ta ce, "Da wanga nis sayi akuyata ta hwari."

Daga akuyar nan, wata ja mai haihuwar tagwaye, muka shiga shekarun da kakana ya tafi cin rani Kumasi, damina biyu ba shi ba saƙonsa. Ta faɗi yadda take gurzar auduga da dare, ta yi shiɓa, ta kaɗa zare da abawa, a kai wa masaƙa. Ta faɗi yadda awakin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta sassauta murya ta ba ni labarin maƙwabciyarta, wadda kullum bayan lisha takan miƙo ƙwaryar hatsi ta bisa katanga, rufe da faifai, ba sallama ba magana, don kada ko yaran gida su san ana taimakonsu. Wata da watanni tana yi. Ko sau ɗaya ba su taɓa tada zancen ba tsakaninsu, har matar ta rasu. Mahaifina, wanda da hatsin nan aka yi masa tuwo yana yaro, bai taɓa jin labarin ba sai a bakina.

Don haka ka fara da abin da hannu ke taɓawa: tsohuwar tasa, tabon ƙuna a hannu, hoton da ya koɗe, gafakar kakanka, rijiyar da aka cike a tsakar gida. Tambayoyinka su zama ƙanana, masu jawo hoto. Kada ka ce "yaya rayuwa take a da?", domin amsar ita ce "da sauƙi", shi ke nan. Ka ce: wa ya yi miki kitson aure? Me aka dafa ran nan? Ta wace ƙofa kuka shigo gari, Ƙofar Rini ko Ƙofar Kware? Nawa ake sayar da mudun gero, sule ko sisi? Wa ya fara yi miki alheri da kika zo gidan nan baƙuwa? Wannan ta ƙarshe ban taɓa yi wa tsoho ita ya rasa amsa ba.

In hira ta cije, roƙi gatana. Ka bari sai dare, don yawancinsu ba sa yin ta da rana. Tana cewa "ga ta nan, ga ta nanku", ka amsa kamar yaro, ka bi ta har "ƙurungus kan kusu". Bayan nan tambaye ta wa ya koya mata, a ɗakin wa, su wa ke zaune. Sau da yawa labarin mai ba da gatanar ya fi gatanar.

Shiru da kunya

Idan ta yi shiru, kai ma yi shiru. Ƙirga goma a zuci kafin ka buɗe baki. Mafi tsadar abin da na samu, bayan irin wannan shirun ya fito. Kada ka katse ta don ta saki hanya. Rubuta tambayarka a littafi, ka dawo da ita daga baya. Kada ka gyara mata, ko da ka tabbata ta haɗa shekaru biyu wuri ɗaya. In hawaye suka zo, tsayar da waya, ka yi wa mamatan addu'a tare da ita, ka tambaya ko a bari sai wani jiƙon.

Ka sani kuma ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukanta. "Malam" za ka ji, da "shi wancan", da "mai sunan Malam". Kada ka matsa. Rubuta yadda ta faɗa, ka nemi sunayen wurin gwaggo ko kawu, ka sa su a gefen shafi. Kunyar nan ita ma tana cikin abin da kake adanawa.

Yadda ake gano shekara

Tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Aikinka ne ka yi wa kanka ɗan jadawali a bayan littafi. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, rikicin Satiru 1906. An naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938, ya rasu a 1988. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956, samun mulkin kai 1960, kisan Sardauna Janairun 1966. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairun 1970. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a farkon 1973, shekarar babban fari. Shagari ya hau mulki a 1979. An cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara a 1996. Ambaliyar da ta cinye garuruwan bakin gulbin Rima, wajen Goronyo, a 2010 ce.

Inna ta ce an gaya mata an haife ta shekarar da aka naɗa Sarki Abubakar, ka ga 1938 ke nan. Da na tambayi dawowar kakana daga Kumasi, ta ce, "Lokacin da anka koro mutane, yaƙi bai ƙare ba." Gwamnatin Gana ta kori baƙi a ƙarshen 1969, yaƙi kuma ya ƙare a Janairun 1970. Alamu biyu sun haɗu, shekara ta fito. Kullum nemi alama ta biyu: wa take goyo a lokacin, da fam aka biya ko da naira, kafin azumi ne ko bayan salla. In ba ka samu ba, rubuta "wajen shekarar kaza", kada ka ƙaga.

In kuwa ka ci karo da takarda mai shekarar Hijira, ga lissafi mai sauƙi: cire kashi 3 cikin 100 na lambar, ka ƙara 622. Shehu Usmanu ya rasu a 1232. Cire 37, saura 1195, ƙara 622, ka samu 1817. Yakan kauce da shekara guda, amma ba ya kai ka daji.

Kwafewa: bar mata harshenta

Wannan ne aiki mai cin rai. Hirar awa ɗaya takan ci mini awa biyar kafin in mayar da ita rubutu. Yi shi cikin kwana biyu ko uku da zaman, tun kana tuna abin da ta nuna da hannu. Sa Hausa a allon rubutun wayarka, Gboard yana da ita, don ka samu ɓ da ɗ da ƙ. In ba haka ba ƙofa da kofa, ɗaki da daki, duk za su cakuɗe wa mai karatu.

Abin da na fi roƙonka shi ne kada ka mayar da bakinta Hausar littafin makaranta. In ta ce "da munka isa bakin gulbi sai yac ce mu dakata", rubuta haka, kada ka mai da shi "da muka isa sai ya ce". Bar mata "wanga" da "wagga", da "awo", da "ɗiyata", da "tahi" da "hwaɗi". Na taɓa gyara shafi uku zuwa daidaitacciyar Hausa, da na karanta sai na ji wata baƙuwa ce ke magana, ba Inna ba. Bayaninka kai marubuci ya zo da daidaitacciyar Hausa, maganarta kuma ta zo da Sakkwatancinta. Kalmar da ba ka sani ba, ja mata layi, ka tambaye ta a zama na gaba. Tsofaffi suna jin daɗin wannan tambaya ƙwarai, don ta mai da su malamai.

Ajiya

Kafin Inna, na yi zama shida da baffana, yayan mahaifina, wanda ya yi jima tun yana yaro. Ya bayyana mini yadda ake jiƙa fata da toka a cire gashi, yadda ake dakan bagaruwa, da dalilin da fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen Turawa. Duk a waya ɗaya na bari. Wayar ta ɗauke, na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya wanke ta tas bai tambaye ni ba. Na ce zan koma mu sake. Kafin in koma, baffa ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa. Har yau in na wuce inda ake shanya fata, sai muryarsa ta faɗo mini, kalmomin kuwa sun tafi.

Saboda haka, a daren da ka ɗauki murya, ajiye ta wuri uku: tura wa kanka ta imel ko Google Drive, tura wa ɗan'uwa amintacce guda, ka kuma sa a memori ka ɓoye. Sa wa kowace murya suna da kwanan wata. Abin da ka kwafe, buga shi a takarda, ka sa a akwatin ƙarfe, bisa wani abu, saboda gara da ruwan damina. In an nuna maka tsofaffin takardun ajami, kada ka manna musu salatif, kada ka kai a liƙe su da leda, kada ka sauya jerin da ka tarar. Wanke hannu, shimfiɗa su a inuwa, ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, ka mayar cikin gafakarsu.

Abin da ba a rubutawa

Idan tsohuwa ta saki jiki, za ta faɗi abin da zai iya raba zumunci: rikicin gado, sakin da aka ɓoye dalilinsa, asalin wani gida da jikokinsa ba sa son a tono. Ba duk abin da kunne ya ji alƙalami ke ɗauka ba. Ni nakan auna da tambaya biyu. Ita ta yarda a rubuta? Akwai mai rai da zai kasa ɗaga kai a unguwa in an karanta? In ta farko a'a ce, ko ta biyu i ce, sai in bar shi, ko in cire suna da duk alamar da za a gane mutum. Wani marubucin zai ce gaskiya gaskiya ce. Ni dai ban ga labarin da daɗinsa ya kai a tozarta bayin Allah da ba su nan balle su kare kansu ba. Alheri kuwa, irin na mai ƙwaryar hatsi, da izinin Inna na je har gidan jikokin matar na karanta musu. Ba su san kakarsu ta yi ba.

Ɗinka labarin, ka mai da shi gida

Yanzu kana da shafuka barkatai. Kada ka jera su daga haihuwa zuwa tsufa kamar takardar neman aiki. Ɗauki aukuwa guda, ka rubuta ta a shafi biyu ko uku. Fara daga inda abu ke motsi: hannu na miƙo ƙwarya ta bisa katanga. Sa abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, ka rage "ta ji baƙin ciki ƙwarai". In ka nuna turken awaki ba ko ɗaya, mai karatu zai ji da kansa. Kada ka sa mata maganar da ba ta yi ba, kada ka ƙara gishiri. Inda ba ka sani ba, koma ka tambaya. Karanta da ƙarfi kai kaɗai. Duk inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ba ta zauna ba. Shafi ɗaya a mako ya isa, in dai ba ka fasa ba.

Sannan ka koma wurin mai labari kafin kowa ya gani. Na zauna gaban Inna wata Laraba bayan la'asar, na karanta mata labarin maƙwabciyarta a hankali. Ta rufe ido tana jan carbi, ba ta tanka ba har na kai ƙarshe. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe ido ta ce, "Mai gidana, ka yi ƙoƙari. Amma ba gero ba na, maiwa ta. Kuma ba kullum ƙwarya ta ba, ran da ba ta da shi, ɗan koko taka miƙowa." Na soke, na gyara a gabanta, na sake karanta layin. Ta gyaɗa kai. Ina naɗe tabarma ta ce in dawo ran Juma'a bayan an sauko, in zo da wayar, ta tuno sunan jakin da ya kawo ta gari.